Yadda Na Ɓuya a Ɗakin Shara Surukata Tana Kallo

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba a garin Vénissieux na Faransa, kuma ko na so in manta, dangin matata da ke Maraɗi ba za su bar ni ba.

Shekara goma sha ɗaya na yi a Paris ina sayar da waya da caja a wani shago a unguwar Barbès, daidai ƙarƙashin gadar da jirgin metro ke bi ta sama. Da Allah ya yi wa matata Balkisu rasuwa, na kasa ci gaba da zama a ɗakin da muka zauna tare. Ba zan tsawaita a nan ba. Wani abokina ya samo mini aikin jera kaya a wani sito kusa da Lyon, na ɗauki ɗiyarmu Ummi mai shekara tara, muka koma hawa na tara a ɗaya daga cikin dogayen benayen unguwar Minguettes a Vénissieux.

Ummi sunan kakarta ta ci, wato Hajiya, mahaifiyar Balkisu. Tun bayan addu'ar arba'in Hajiya ta fara aiko saƙo cewa a mayar mata da takwararta gida. Dalilinta biyu ne. Na farko, namiji shi kaɗai ba ya iya riƙon ɗiya mace. Na biyu, kullum rediyo yana cewa ana yaƙi a Turai. A wurin Hajiya kuwa Turai unguwa ɗaya ce, in an yi harbi a Yukren, a tsakar gidana harsashin zai faɗo.

Ni dai na san idan aka ɗauke Ummi, babu abin da zai tashe ni da safe. Amma ba a gaya wa suruka haka. Sai na koma cika baki. (Gaskiya ba a kan Hajiya na fara ba. A Barbès ni ne mai sharhin yaƙi na layinmu. Ina zana wa mutane inda kowace runduna take a bayan kwalin caja, ni da ko taswirar metro sai Balkisu ta karanta mini.)

Daga ƙarshe babban wan Balkisu, Malam Issufu, ya ce a daina aike-aike, a yi kiran bidiyo kowa ya ga kowa, Hajiya ta yanke hukunci. Muka tsayar da Laraba, don ran nan Ummi ba ta zuwa lekwal, wato makaranta, ni kuma na nemi hutun yini ɗaya. Makonmu uku kenan a sabon gida.

Na shirya kamar mai zuwa neman aure. Na goge shaddata, na share falo sau biyu. Maƙwabciyarmu Tanti Fanta, 'yar Gine, ta yi wa Ummi kitso, ta kuma dafa mana miyar gyaɗa. Na juye miyar a tukunyarmu na ɗora a kan murhu, don idan waya ta bi ta kicin a ga kamar aikin hannuna ne.

Wajen sha ɗaya da rabi aka kira. Ga Hajiya a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, ga Malam Issufu riƙe da waya, a bayansu mata da yara sun yi cincirindo, har da wasu da ban taɓa gani ba. Muka yi gaisuwa mai tsawo: gida, sanyi, aiki, haƙurinmu. Hajiya ta ce, "Ina takwarar? Matso in gan ki. Wa ya yi miki wannan kitso?"

Kafin Ummi ta buɗe baki na ce, "Ai muna ƙoƙari, Hajiya." Ummi ta kalle ni, na kalli silin.

Na zagaya da su gidan, na tsaya a kicin har sai da aka ga tururin miya, sannan na fita baranda na nuna musu gari. Ga jirgin taram yana wucewa, ga masana'antun Saint-Fons suna hayaƙi can nesa. Sai na gyara murya na fara jawabin da na yi kwana uku ina haddacewa.

"Hajiya, kin ga garin nan? Garin masu dukiya ne. Mutanen nan ba za su taɓa bari wani abu ya taɓa musu gine-gine ba. Tsakaninmu da inda ake yaƙin ma tafiya ce mai nisa, ƙasashe ne jere. Nan ko tayar mota ba ta fashewa sai da izini."

Matan baya suka yi dariya, sai na ƙara samun ƙarfi.

"Kuma ko da an ce wani abu ya taso, ni ba mutum ne mai firgita ba. Ki tambayi kowa a Paris. Ni in ana gudu, tsayawa nake in duba abin da..."

Ban ƙarasa ba jiniya ta ɗauka.

Ba irin ta motar asibiti ba. Wata ƙara ce da ta taso daga ƙasa ta hau sama, ta sauko, ta sake hawa, kamar garin ne gaba ɗaya yake kuka. Irinta na sha ji a bidiyon yaƙi a waya, kafin a nuna gini ya rushe.

Abin da ya biyo baya, wani na tuna, wani kuma daga baya aka ba ni labari. An ce na yi ihu, "Innalillahi! Sun iso!" Na tuna na faɗa kicin na kashe murhu, na zari babbar tukunyar shinkafa na kifa wa Ummi a ka. Na saɓa ta a kafaɗa kamar buhun gero, yarinyar da ta kusa kai mini ƙirji. Daga cikin tukunya ina jin muryarta tana cewa, "Papa, Laraba ce! Papa, mercredi!"

"Na san Laraba ce! Yaƙi ruwansa da rana?"

Na bubbuga ƙofar Tanti Fanta ina cewa ta fito, ban tsaya jin amsa ba. Ban shiga asansa, na'urar hawa da sauka a bene, ba, don na taɓa ji ana cewa ba a shiga in ana tashin hankali. Na bi matakala ba takalmi, shadda tana harɗe ni. A hawa na biyar jiniyar ta yi shiru. Mai hankali zai tsaya ya yi tunani. Ni sai na ce a raina, shi ke nan, sun harbo mai busa ta.

A ƙasa na tura ƙofar ginin ƙarƙashin ƙasa, a kulle. Ƙofar da ta buɗu ita ce ta ɗakin shara. Na shige da Ummi tsakanin manyan mazuban shara biyu, na durƙusa, na rufe ta da jikina. Wari kuwa ba a magana, ranar ba a riga an kwashe ba. Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Sai na ga ya kamata in yi wasiyya. Na ɗaga tukunyar kaɗan na ce, "Ummi, saurara. Kakarki ta yi gaskiya. Da na bar ki kin tafi. Ban iya komai ba, kitso na Tanti Fanta ne, miya ta Tanti Fanta ce, ni ko taliya sai ta kama. Ban hana ki tafiya don garin nan yana da kyau ba, tsoron zama ni kaɗai nake ji. Amma in mun rayu, kada ki gaya mata."

Sai na ji tari. Ba na Ummi ba ne. Daga hannuna na hagu ya fito.

Ashe tun daga baranda ban saki wayar ba. (Rezo, wato sabis ɗin waya, da ke yankewa in na shiga bayi, ranar ya sauko hawa tara ya shiga ɗakin shara bai ko girgiza ba.) Na juyo da ita, sai ga fuskoki sun cika gilashi, kowa baki buɗe. Malam Issufu ya ce a hankali, "Malam, lafiya? Kuna raye?"

Daidai nan mai gadin bene ya turo ƙofa da bokiti a hannu. Ya kalle ni, ya kalli yarinya da tukunya a ka, ya tambaya da Faransanci ko wani abu muka yar muke nema. Ummi ta cire tukunyar ta gyara kitsonta, ta amsa masa, sannan ta karɓi wayar daga hannuna.

"Kaka, ba komai. Gwaji ne. Kowace Larabar farko ta wata, da tsakar rana, sai sun busa su ga ko tana aiki. A Paris ma ana yi."

Na ce, "A Paris? Shekara goma sha ɗaya ban taɓa ji ba."

"Kai kana shago, Papa. Metro a sama, ga Laraba ranar kasuwa, ina za ka ji? Mu muna ji a gida. Mama takan ce in ta yi kuka, lokacin ɗora shinkafa ya yi."

Na duƙar da kai ina kallon ƙafafuna.

Sai Hajiya ta fara wata ƙara, na zata kuka ne. Ashe dariya ce. Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa, hawaye yana zuba, matan baya kuma da suka ga an ba da hanya suka kwanta a tabarma. Daga baya Malam Issufu ya gaya mini tun rasuwar ba a ji dariyarta ba sai ranar.

Da ta samu numfashi ta ce, "Takwara."

"Na'am, Kaka."

"Da na ce ki dawo don babu mai duba ki. Yanzu na gani da idona. Ki zauna. In kin taho, wa zai duba wannan bawan Allah?" Ta share ido. "Kai kuma, ka je ka wanke ƙafa. Kuma ka gaida mini Fanta, ka ce kitso ya yi kyau."

Haka na hau asansa ba takalmi, tukunya a hammata, ɗiyata tana riƙe da hannuna kamar ita ta je ɗauko ni daga lekwal.

Yanzu kowane farkon wata, ran Laraba, saƙon murya yakan shigo daga Maraɗi tun da safe: "A gaya wa jarumi yau za a busa, ya sa takalmi." Ba na mayar da martani, don na ci riba. Kwana uku na yi ina haddace jarumtaka don in riƙe ɗiyata, ba ta yi mini aikin komai ba, tsoron minti biyar ne ya bar mini ita. Abin da na koya shi ne, in za ka yi wa suruka ƙarya a kan garin da kake zaune, ka fara tambayar yaran garin abin da ake yi a cikinsa ran Laraba.