Warin Fetur a Akori-kura

Saye da sayar da motoci ne sana'ata, kuma na yarda da hancina. Wani manomi daga Tabanni ya kawo mini akori-kura. Ina shiga gaba na ji warin fetur, na ce tankinsa na yoyo, ba na saye. Ya rantse, na sa bakanike ya kwance kujera. Bai ga komai ba, sai ya matso ya shinshina ni.

"Alhaji, ka zuƙi mai da tiyo yau?"

Na zuƙa wa babur ɗina da safe. Ashe warin a gashin bakina yake.

Manomin ya sayar wa wani. Har yau in na shiga garejin sai su ce, "Ku kashe taba, tankar mai ta iso."