Yadda Amiral Mahmudu Ya Zaɓi Tekunsa

Duk wanda ya ce ya zauna a Garwa ta arewacin Kamaru amma bai san Alhaji Mahmudu ba, ku yi masa uzuri, wucewa kawai ya yi. Mutum ne da Allah ya yi wa ilimi ba tare da ya wahalar da shi da karatu ba. Kwanon rufi da simintin Figil yake sayarwa, amma wannan aikin hannu ne; aikin bakinsa shi ne sanin komai. Ya san abin da ke hana jirgin sama faɗowa. Ya san ciwon mutum tun likita bai buɗe jaka ba. Inda kuwa ya fi zurfi shi ne harkar ruwa. Shi ya sa 'yan unguwa suka naɗa shi Amiral, wato babban kwamandan jiragen ruwa, shi kuma ya karɓi sarautar hannu bibbiyu.

Masu hassada za su ce Amiral bai taɓa shiga kwalekwale ba. Gaskiya ne. Za su ce idan mota ta hau gadar Binuwai yakan runtse ido ya kama carbi har sai an sauka. Wannan ma gaskiya ne. Amma ya sha yin bayani: girmamawa ce tsakanin manya. Shi da ruwa sun san juna, ba sai sun haɗa ido ba.

Fadarsa tana gindin dalbejiyar da Isa mai shayi yake kafa teburinsa. Benci biyu ne a wurin, da kujerar katako guda ɗaya mai hannuwa. Ba wanda ya tuna wanda ya kawo ta, amma shekara goma sha biyar Amiral ne a kanta. Dokar majalisar kuwa ba a rubuce take ba, kowa dai ya sani: mai kujera shi ke da kofin farko, shi ke da maganar ƙarshe.

Ana nan sai Théodore, wani tsohon malamin makaranta ɗan Mokolo, mutum marar hayaniya da ke zama a ƙarshen benci, ya ɓace mako biyu. Ashe 'yarsa ce ta kai shi Kiribi ya ga teku. Ya dawo da katantanwa cikin aljihu da hotuna uku, wando a naɗe zuwa gwiwa, ruwa a bayansa har iyakar gani. Majalisa ta rikice. Kowa na son ya ji: da gaske ruwan gishiri ne? Da gaske ba a hango ɗaya gaɓar?

Ranar Talata Amiral ya makara daga Figil. Da ya iso, me zai gani? An ɗora Théodore a kan kujera, wai don na baya su ji sosai, ga kofin farko a hannunsa. Théodore ya miƙe da sauri, ya ce, "Alhaji, bismilla, aro na yi." Amiral ya zauna. Kujerar da ɗumi. Jama'a, wannan ɗumin ne mafarin komai.

Ya gyara babbar riga, ya yi gyaran murya.

"Teku? Ai teku Binuwai ce da ta ƙoshi. Kuma waɗannan hotuna, wa ya sani ko labule aka rataya a bayansa? Amma tunda na ga jahilci yana neman ya ci unguwa, zan ɗauki konje. Zan je in duba tekun da kaina, in dawo muku da sahihin bayani."

Konje dai hutu ne irin na ma'aikatan gwamnati. Amiral bai taɓa yi ba, amma ya faɗi kalmar kamar wanda aka haifa da ita a baki.

Sai dai babban mutum ba ya afka wa kowace teku kamar akuya ta ga rijiya. Dole a zaɓa. Ya kafa kwamiti: shi ne shugaba, shi ne mataimaki, matarsa Hajiya Kaltumi ce mai sauraro, sai Nicolas mai ɗaukar hoto, wanda aka saka don yana da tarin tsofaffin kalandu masu hoton bishiyar kwakwa. Kowace yamma a shimfiɗa kalandu a tsakar gida, Amiral ya sa tabarau, ya shiga yanke wa tekunan duniya hukunci ɗaya bayan ɗaya.

An fara da wani tsibiri na ƙasar waje, yashi fari kamar garin rogo. Amiral ya tambaya ta ina ake fita. Nicolas ya ce ruwa ne gabas da yamma, kudu da arewa.

"Ƙasar da ba ta da ƙofar baya? A cire ta. Ba tsoro ba ne, tsari ne."

Kalanda ta biyu tana da wata baiwar Allah kwance a yashi, tufafinta duka ba su kai hular Amiral ba. Ya ce wannan wuri bai dace da mutumin kirki ba. Don ya tabbatar da rashin dacewar, sai da ya duba hoton sau uku, ya goge tabarau ya sake dubawa. Hajiya ta miƙa hannu ta kife kalandar, ta ce, "Alhaji, ina jin ka tabbatar."

Aka dawo gida Kamaru. Duwala? Ya ce tashar jiragen ruwa ce, shi ba dako zai je ba. Limbe? Aka ce masa yashin can baƙi ne. Ya ce shi da farar shadda zai tafi, kuma ba zai yi tafiyar kwana biyu ya zauna a kan yashin da ya ƙone ba. Saura Kiribi. Nan ya ja gemu.

"Kiribi an riga an gan ta. Théodore ya gama da ita. In je in tsaya inda malamin firamare ya naɗe wando?"

Mako uku kwamiti na zama. Unguwa ta fara raɗa cewa Amiral zai yi konjensa a cikin kalanda. Isa mai shayi ma, da yake zuba kofin farko, hannunsa ya fara ɗan karkata wajen ƙarshen benci. Amiral ya ga wannan karkatar.

Nicolas ne ya cece shi. Ya ce gaba da Kiribi, ta kudu, akwai ƙauyukan masunta a bakin ruwa.

"Théodore ya kai can?"

"Bai kai ba, Alhaji."

Amiral ya ɗora yatsa biyu a taswira, ya auna daga Kiribi ya yi ƙasa. "Nan. Inda tekunsa ta ƙare, nan tawa za ta fara."

Sai batun lokaci, kuma a nan ne ilimi ya yi aikinsa. Ya zaɓi watan Maris, tsakiyar rani. Madam Geneviève, nas a asibitin unguwa kuma ƙawar Hajiya, a bakin teku aka haife ta. Da ta ji ana shiri ta leƙo da shawara.

"Alhaji, abu ɗaya. Ruwan can ba kamar na nan ba ne. Yana tafiya, yana dawowa, sau biyu kowace rana. Kada ka zauna inda yashi yake da danshi."

Amiral ya yi dariya har hularsa ta goce.

"Madam, ki tsaya a kan allurarki. Ruwa doka gare shi. Ya zo da damina, ya ja da kaka, ya bar wa manoma gaɓa su shuka dawa da albasa, sai kuma baɗi. Mahaifina shekara talatin yana jiran jiragen kaya a tashar ruwan Garwa, sau ɗaya suke zuwa a shekara, watan Agusta. Ruwan da zai je ya dawo sau biyu a yini ai ba ruwa ba ne, ɗan acaɓa ne."

Geneviève ta dubi Hajiya. Hajiya ta dubi rufin ɗaki.

Ranar tafiya majalisa ta taru rakiya, sai aka ga ana ɗaure kujera a saman motar Gaundare. Amiral ya ce katako ma yana bukatar canjin iska. Ba wanda ya yi musu, ba kuma wanda ya dubi Théodore. Nicolas ya ara wa Hajiya kyamara, ya nuna mata inda ake dannawa. Amiral ya kafa sharaɗi a gaban kowa: idan an wanke hotunan, a kawo su majalisa a ambulan a liƙe, kada wani ya ce an rataya labule.

Kujera ta hau mota, ta hau jirgin ƙasa zuwa Yaunde, ta sake hawa mota. Ta ga ƙasar Kamaru fiye da rabin mutanen unguwarmu.

Da hantsi suka isa ƙauyen. Teku ta ja can nesa, ta bar fili shimfiɗe, yashi mai danshi yana ƙyalli. Amiral ya ɗan saci kallon ruwan ta gefen ido, ya yi maza ya kau da kai.

"Kin gani, Hajiya? Rani. Ruwa ya ja, sai baɗi. Da a Garwa ne da tuni an shuke wurin nan da albasa."

Ya hangi kwalekwalen masunta an janye su can sama, gindin bishiyoyin kwakwa. Ya girgiza kai don tausayi: mutane na zaune da ruwa amma ba su san halinsa ba, suna jan jirgi wannan nisa a banza. Ya sa aka kai masa kujera tsakiyar filin. Wani dattijon masunci ya biyo shi, ya nuna rana, ya nuna wani layin ciyayi da itatuwa da ke kusa da bishiyoyin, ya ce da Faransanci ruwa har can yake kaiwa.

"Wi, wi," in ji Amiral, wato "i, i" da Faransanci, yana dafa kafaɗarsa. "Agusta."

Dattijon ya koma inuwa, ya kira 'yan'uwansa, suka zauna a jere kamar masu jiran wasan ƙwallo.

Amiral ya zauna, ya juya wa teku baya, saboda hoto, kuma saboda girmamawar nan da muka ambata. Ya ba Hajiya umarni biyu: kada ta katse shi idan yana jawabi, kada kuma ta daina dannawa sai ya ce ta daina. Ta ce masa kyamarar ba ta ɗaukar murya. Ya ce hoton mai jawabi daban yake da na mai shiru.

Ya fara da tarihin ruwa tun daga ɗufana. Ya gangaro kan Binuwai. Ya tsaya ya ci soyayyen kifi, ya ɗan runtsa, ya farka ya ɗora daga inda ya tsaya. Hajiya kuwa ita ke fuskantar teku, tana ganin abin da ke tahowa, tana ja da baya taku-taku.

"Alhaji, ruwa..."

"Na san ruwa ne, shi muka zo gani. Danna."

Ta danna. Igiyar farko ta lashi dugadugansa. Ya ce gaisuwa ce, ya ɗaga ƙafa ya naɗe a kan kujera. Ta biyu ta tafi da takalmansa. Ya ce sun tsufa dama. Ta uku ba ta yi sallama ba. Ƙafafun kujera na baya suka nutse a yashi, Amiral ya waiwaya, a karo na farko a rayuwarsa ya haɗa ido da ruwa, kuma ruwan ya fi shi tsayi.

Abin da ya faɗa daga nan ba jawabi ba ne. Ya kira Allah, ya kira Hajiya, ya kira mahaifiyarsa da ta rasu tun zamanin shugaban ƙasa na farko. Masunta biyu suka shiga suka jawo shi ta wuyan riga kamar buhun da ya jiƙe. Baɗi dai ta iso kafin la'asar.

Bayan mako guda sai ga Amiral a gindin dalbejiya, sabon takalmi, babu kujera. A tsaye ya yi bayani. Ya ce sarkin masuntan can ya roƙe shi kujerar a ajiye ta don tarihi, saboda ilimin ruwa da ya koya musu, shi kuma ba ya iya hana mai roƙo. Majalisa ta yi kabbara. Isa ya ɗaga buta yana neman inda zai zuba kofin farko.

Sai ga Nicolas da ambulan a liƙe, kamar yadda aka yi sharaɗi. Amiral ya yage shi da hannunsa, ya miƙa wa na kusa, don a lissafinsa hotunan jawabi ne. Abin da ya manta shi ne, a duk sunayen da ya kira ranar nan, bai ce wa Hajiya ta daina dannawa ba. Ita kuwa mace ce mai biyayya.

Hoto talatin da shida, a jere, hannu zuwa hannu. A na goma ana gyaɗa kai. A na ashirin da biyar Isa ya ajiye buta. A na talatin, inda tafin ƙafafun Amiral ke kallon sama, wani ya faɗo daga benci. Na ƙarshe babu mutum a ciki: ruwa ne har iyakar gani, da kujera can nesa, zaune daram a kan igiya, hannuwanta a buɗe, ta nufi inda rana ke faɗuwa.

Théodore ya daɗe yana kallon wannan. Sannan ya matsa, ya share ƙarshen benci da tafin hannu.

"Alhaji, bismilla, akwai wuri. Wannan kam ba labule ba ne, na shaida."

Amiral ya zauna. Bencin da ɗumi.

Har yau yana nan a wurin, kuma kofinsa na bakwai ne idan an ƙirga daga dama. Ta gadar Binuwai kuwa yanzu har kunne yake toshewa. Kujera dai ba a sake jin labarinta ba. Nicolas ya ce in ta ci gaba da bin hanyar da ta ɗauka, tana can tsibirin kalanda mai farin yashi. Ita a yini ɗaya ta zaɓi wurin hutunta, kuma ba ta kafa kwamiti ba.