Gwamma da Ramukan Unguwar Ɗinya

A wani daji da ke tsakanin dutse da rafi, dabbobi sun yi yawa har wurin ya zama gari guda, da kasuwarsa, da unguwanninsa, da majalisar da ke zama a gindin wata babbar tsamiya duk ranar Laraba. Giwa ce shugabar majalisar. Ba ta da mugunta ko kaɗan, sai dai daga inda idonta yake, komai ƙarami ne.

Can ƙasan gari, a Unguwar Ɗinya, akwai wata jaka mai suna Gwamma. Sana'arta dako. Duk ranar kasuwa takan loda tukwanen da maƙwabcinta Zanzaro ya gina, ta haura da su a mangala. Gwamma mai fara'a ce, ba ta tafiya sai da waƙa, kuma ta san ramukan hanyarsu kamar yadda ake sanin dangi. Akwai wanda take kira Baffa saboda ya girme ta, akwai Tagwaye, akwai kuma wani sabo da ba a raɗa wa suna ba tukuna.

Sabon nan ne ya kayar da ita, ana saura 'yan kwanaki ruwan farko ya sauka. Ta zurma har gwiwa, mangala ta juye, rabin tukwanen suka tarwatse. Zanzaro ya zo ya yi ta shawagi a kan fasassun tukwanen, ya kasa sauka.

"Aikin mako uku ke nan, maƙwabciya," in ji shi. "Yanzu ma da rani. In ruwa ya zo fa? Bara wata biyu ba mu ga kasuwa ba, da ganye muka ƙarasa damina."

Gwamma ta karkaɗe ƙura ta ce, "Bar ni da su. Laraba zan je gindin tsamiya."

Ta isa tana ɗingishi, ta tarar ana cikin maganar sabunta yashin Hanyar Tsamiya, wadda ta bi ta ƙofar majalisa ta wuce gidajen manya. Bara aka shimfiɗa mata farin yashin rafi, bara waccan ma haka. Gwamma ta jira har aka ba ta dama, ta durƙusa ta faɗi abin da ya kawo ta.

Giwa ta saurare ta da kyau, sannan ta ce, "'Yata, mun ji, kuma mun tausaya. Amma ki sani mu a nan ba ma son kai, tsari muke bi. Hanyar da aka fi kawo kuka a kanta, ita ake fara gyarawa. Bana an kawo mana kuka arba'in a kan Hanyar Tsamiya. Wasu sun ce yashin ya dushe, wasu sun ce yana zafi da azahar. Taku hanyar kuwa, ke kaɗai muka gani. Da tana damun jama'a kamar yadda kika ce, ai da sun zo."

"Ranki ya daɗe, sun taso," in ji Gwamma. "Tare muka fito da safe. Kunkuru na cikin rami, sauran suna ƙoƙarin ciro shi."

Giwa ta ce don kada a ce an yi hukunci ba bincike, Sarkin Hanya ya je ya gano. Sarkin Hanya kuwa Shirwa ne. Ya buɗe fukafukai ya tashi, kafin Gwamma ta gama shan ruwan da aka ba ta ya dawo, ya gyara gashin wuyansa ya ce:

"Ranki ya daɗe, jama'ar majalisa, na bi hanyar nan daga farkonta har ƙarshenta, na kuma biyo ta na dawo. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na dai hangi wasu 'yan ɗigo-ɗigo a jikinta, waɗanda a ganina ado suka ƙara mata. Na kuma ga mutanen unguwar sun taru a kanta suna ta hada-hada, abin da ke nuna suna jin daɗinta. Shawarata a sa ta a layi, bayan damina a sake dubawa."

Aka tafa masa. Gwamma ta yi godiya, don an koya mata ladabi, ta ɗingisa gida.

Ruwa ya sauka, ramuka suka cika. Da Gwamma ta koma majalisa bayan wata guda, jiƙe da taɓo har wuya, sai ta tarar an riga ta. Kwaɗi ne fiye da ɗari, sun jeru a gaban Giwa, babbansu yana jawabi.

"Ranki ya daɗe, mun ji ana ƙishin-ƙishin wai za a cike mana gidaje. Mu baƙi ne, amma ba mu taɓa faɗa da kowa ba. Mun tarar da ramuka babu kowa, muka shiga, muka hayayyafa. Mun zo mu roƙi arziki a bar hanyar nan yadda Allah ya yi ta."

Giwa ta dubi Gwamma da tausayi ta ce, "Kin gani ko? Yanzu an kawo kuka da yawa a kan hanyarku, sai dai duk na kada a taɓa ta ne."

A hanyar komawa Gwamma ta jera da babban Kwaɗo. Da farko ba ta kula shi ba. Can sai ta ga ya yi tsalle ya kauce wa kofatonta, abin ya ba ta dariya, ta tambaye shi, "Malam, tsakaninka da Allah, kuna jin daɗin zama a tsakiyar hanya?"

"Ina fa daɗi, baiwar Allah! Kullum cikin fargabar a taka mu muke. Ruwan ma kwana uku ya ƙafe. Rashin wuri ne."

Gwamma ta tsaya cak. Ciko yana bukatar ƙasa, ƙasa kuwa sai an haƙa, inda aka haƙa kuma kududdufi ne.

Washegari aka kira gayya. Gafiyoyi suka haƙa gefen hanya, Gwamma ta yi ta jigilar marmara a mangala har bayanta ya saɓule, Zanzaro ya tsaya kan kwaɓi yana faɗa da duk wanda ya cika ruwa. Kunkuru aka ba daɓe, don shi ko tafiya ya yi daɓe ne. Kwaɗi suka kwashe iyalansu zuwa sabon kududdufi, suka riƙa ba ma'aikata waƙa. Ranar da aka cike Baffa, Gwamma ta tsaya a kansa ta yi masa sallama kamar yadda ake yi wa tsoho. Kwana tara aka gama. Zanzaro ya ce kada kowa ya hau hanyar sai ta yi kwana uku ta sha iska.

A rana ta biyu aka ji tambura daga sama. Labari ya kai gindin tsamiya, majalisa ta taso buɗe hanya. Giwa ce a gaba, Dorina na biye, sai Karkanda da Ɓauna da iyalansu, duk a kan ɗanyen daɓe. Zanzaro ya tashi yana ihu, ba wanda ya ji shi saboda kiɗa.

Giwa ta tsaya a tsakiya ta ɗaga hanci aka yi tsit.

"Jama'ar Unguwar Ɗinya," in ji ta, "yau ranar farin ciki ce. Wannan hanya shaida ce cewa tsarinmu yana aiki. Da mun yi gaggawa ranar da aka kawo mana kuka, da mun hana ku sanin irin ƙarfin da Allah ya ba ku. Mun yi haƙuri, ga abin da haƙurinmu ya haifar. Ina yaba wa Sarkin Hanya, wanda tun farko ya ce hanyar nan tana da kyau, ga shi maganarsa ta tabbata. Daga yau an cire ta daga layin masu jiran gyara. A buga mana, mu taka!"

Suka taka kuwa. Dorina ma, da ba a san ta da rawa ba, ranar sai da ta juya sau uku.

Da suka tafi, mutanen unguwa suka tsaya suna kallon hanyarsu. Ramukan da ke cikinta yanzu sun fi na da yawa, sai dai sun fi su tsari, kowanne zagayayye, daidai tafin ƙafa. Zanzaro ya sauka a kunnen Gwamma ya ce, "Maƙwabciya, Laraba za ki koma?"

Gwamma ta dubi ramukan. Sai dariya ta ƙwace mata, irin ta jakuna, mai tashi sama ta faɗo ta sake tashi, har kwaɗi suka kama, har Kunkuru ya leƙo.

"Ba inda za ni," in ji ta da ta samu numfashi. "Marmara ta rage, hannu kuma ya riga ya saba. Akwai wata 'yar siririyar turba ta bayan ɗinyoyi, rassa sun rufe ta, faɗinta bai wuce jaka da mangalarta ba. Gobe da safe kowa ya zo. Malam Kwaɗo, don Allah wannan karon ban da waƙa."

Kwana shida suka yi a kanta, shiru kamar masu satar hanya. Damina ba ta ƙare ba sai da tukwanen Zanzaro suka isa kasuwa ba ko tsaga, aka dawo da hatsi da gishiri, unguwa ta ci ta ƙoshi. In an tambayi Gwamma ta ina ta biyo, sai ta ce, "Da ikon Allah," ta ci gaba da sauke kaya.

Shekara shida ke nan majalisa ba ta ji labarin wannan turba ba, ita ma turbar lafiyarta ƙalau.