Muryar Zinare da Romon Goggo

Daga Ƙanƙara har Sabuwa babu murya irin ta Abdulgafar, kuma ba sai ka wahalar da kanka wajen tambaya ba, shi da kansa zai gaya maka. Muryar Zinare yake kiran kansa. Asalinsa ɗan Ketare ne, ya taso yana taɓa piyano a wajen biki, daga nan ya koma tsara waƙoƙin talla: takin zamani, maganin ɓera, batirin cocila. Ya manna tsofaffin katifu a bangon shagonsa, shago ya zama sutudiyo. Ruwan sanyi ya haramta wa maƙogwaronsa. Ko gaisuwa ba ya amsawa sai ya yi gyaran murya sau biyu.

Sai Allah ya kai shi Legas kwas na mako biyu. Ya dawo da ilimi mai nauyi: wai harafin ƙ yana fasa makirufo.

"Ƙwararru sun daina shi," in ji shi, sai dai "kwararru" ya ce, yana jan kalmar kamar ƙosasshen bature. "Wannan harafin na kauyawa ne."

Ana nan Goggo Mairo ta zo shagonsa neman ya yi mata talla. Shekara ashirin tana sayar da abinci a bakin tasha, yanzu ta sayar da tumakinta uku ta kama rumfa a Faskari. Ranar kasuwa za ta buɗe, kuma duk fatanta na kan romon ƙashin saniya da aka san ta da shi. Gwani ya rufe ƙofa, ya sa kiɗa, ya ɗauki murya sau goma sha ɗaya. Bai bari ta saurara ba, wai ba a nuna aiki ɗanye.

Ranar kasuwa aka ɗaure lasifika a bayan babur, aka shiga zagaye. Murya ta tashi, mai taushi, mai daɗi:

"Ku garzayo rumfar Goggo Mairo! Romon kaashi mai zafi, yanzu aka sauke!"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Mahauta suka riƙe ciki. Har azahar babu wanda ya zauna a bencin Goggo, tana tsaye kan tukunya, ranta ya ɓaci ƙwarai, tumakinta kawai take tunawa.

Sai ga gwani cikin baƙin tabarau, ya zo karɓar yabo. Goggo ta cika kwano, ta dire masa, ta sa aka miƙa masa makirufon babur ɗin.

"Malam Abdulgafar, bisimilla. Amma kahin ka kai loma, hwaɗa ma mutane mi za ka ci."

Ya dubi kwano, ya dubi jama'a. Kwas ɗin Legas bai tanadi wannan ba.

"Ƙashi ne," ya ce. "Wallahi ƙashi ne!"

Makirufo bai fashe ba. Jama'a suka yo layi da kwanukansu, wani mahauci ya ture shi daga kan bencin don ya samu wurin zama.