Sunan da Ba Na Faɗa

"Lafiya lau, Maigida, sai dai ganinka da ya ɓata mini hantsi."

Haka na amsa wa jikana gaisuwa, ina zaune a tabarma a gidanmu na Wagini. Sunan marigayi mijina aka sa masa, ni kuwa tun ina amarya bakina bai taɓa kama sunan nan ba. Ranar ana suna a Babban Duhu, Bushira jikata ta haihu, an yi mini takwara. Gwiwa ta hana ni hawa babur. Ta ce za ta kira ta bidiyo in ga jaririya kafin taro ya watse, ga datata ta ƙare.

"Kunna mini waifai ɗinka, mijin da bai taɓa kawo cefane ba."

"Na kunna, amaryata mai haƙori uku."

"Anya ma wayoyin nan za su jitu? Tawa daga Makka aka kawo mini ita. Taka ko jaki ya taka ba zai waiwaya ba."

"Ai masu ƙera su sun zauna sun yarda da yare ɗaya, Inna. Tawa tana ta shelar sunanta cikin iska. Taki ta ji, ta yi sallama, tawa ta amsa, ta ce kawo kalmar sirri. In ta yi daidai, sai hira. Kuma wannan na magana waccan na saurare, ba kamar ke ba."

"To sun fi ka tarbiyya. Sa kalmar."

"Sai kin faɗe ta da bakinki. Sunana ne. Ki ce Uwaisu."

"Tir! Allah ya shirye ka."

"Ba ita ba ce. Sake gwadawa."

"Sallah ƙarama ba ka haɗa mini ba? Ta manta ni ne?"

"Na canza kalma. Wadda na ba sabuwar kaɗai ke shiga babu tambaya. Da ta matso kusa, sun gane juna."

Rana na ɗagawa, ni ina hango mata suna yafa gyale a Babban Duhu, takwarata ko hancinta ban gani ba. Shi ko yana karkaɗa waya yana washe baki.

Sai ga sallama. Ma'u ce, 'yar maƙwabcinmu, ta kawo mini fura. Ko durƙusawa ba ta gama ba, wayar da ke hannunta ta hau ƙara, ƙilin, ƙilin, saƙonni na zubowa kamar an kwance bakin buhun gero.

Na dubi waya, na dubi Maigida.

"Ma'u, kin sa data ne?"

"A'a, Inna, tun shekaranjiya ba ni da ita." Ta aje ƙwarya ta yi waje da sauri.

"Maigida, maimaita mini karatun nan. Wace ce ke shiga babu tambaya?"

"Inna, iska ce, wani lokaci takan..."

"Iska! Iskar ta san gidan su Ma'u, ba ta san ɗakina ba? Bari ubanka ya dawo daga gona, shi ma a koya masa yadda wayoyi ke gane juna."

Ya fizge wayata, ya danna sunan da kansa. Nan take ga kiran Bushira, ga takwarata da kumatu kamar alkaki, tana hamma.

Ya tsuguna gefena yana dariya. "Na sallama, tsohuwa. Gobe tsire na kaina. Amma wata rana sai kin faɗi sunan nan."

Na ce, "Mai sunan na asali har ya koma ga Allah bai ji shi a bakina ba, kuma bai taɓa ɓatan hanyar ɗakina ba. Matsa, kana tare mini takwara."