Haƙoran Mota

Ba za ni taɓa mantawa da ranar da na tashi koya wa mijina ciniki ba. Har gobe in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Bari in fara da motar. Mahaifin mijina direban wani Bature ne mai sayen fatun akuya, tun innata ba ta zo duniya ba. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu sai ya bar mishi motarsa ta shan iska. Wata 'yar guntuwa ce ja, ƙofa biyu, kujera biyu, babu rufi, cikinta kamar ya taɓa ƙasa. Bayan tsohon ya rasu ta yi shekaru a ƙauyensu Tsamaye ƙarƙashin rumfar kara, kaji suna ƙwai a cikinta. Mijina, Baban Balki, bakanike ne a Sabon Birni. Shi ya ɗora ta kan amalanken shanu ya kawo ta tsakar gida, ya yi ta bin ta ƙarfe bayan ƙarfe. In 'yan kasuwa za su Maraɗi ya ba su saƙon wani ɗan abu, wani lokaci a yi damina a yi rani ba a samo ba. Tun kafin a kawo ni gidan yake wannan aiki, har ta tashi, har ta koma tana ƙyalli kamar tuffa.

Ni kam ban taɓa ganin amfaninta ba. Motar da ba ta ɗaukar buhun gero, ba ta ɗaukar fasinja, in hadari ya taso kai da tufanka sai yadda Allah ya yi. (Ran da na fara ganinta na zaci kwalekwale ne anka sa wa taya.) Shi ko in ya taso daga gareji sai ya leƙa ta kafin ya leƙa tuwo.

Bai taɓa tunanin sayar da ita ba sai da munka haifi Balki. Ɗiyata ta zo da ƙafar hagu a karkace, tafin yana kallon ciki. Likita a Sakkwato ya ce ƙafar tana gyaruwa sarai, amma sai an riƙa ɗaure ta ana canjawa kowane mako har wata da watanni, kuma a fara kafin ta soma tsayuwa. Wanda ya san hanyarmu ya san ba hanyar da ake bi kowane mako da jaririya ba ce. Ke nan sai mun tare can, ga haya, ga ci, ga magani, ga gareji a rufe. Da munka dawo Baban Balki ya zauna gaban motar har inuwa ta juya, sannan ya ce, "Za ni sai da ta."

Wani ɗan'uwansa mai kai kaya Nijar ya ɗauki hotonta a waya, hoto ya yi ta yawo, har ya faɗa hannun wani Alhaji a Yamai mai tara tsofaffin motoci. Anka sa rana.

To, a nan ne hankalina ya tashi. Ni ɗiyar dillalin awaki ce. Aji uku na yi a firamare, sauran karatuna a kasuwar garin Isa na yi shi, ina tallan fura kusa da babana. Na ga yadda mai saye yake kama akuya ya buɗe bakinta ya duba haƙora, in ya ga sun cinye sai ya sake ta ya goge hannu a riga. Na san ba a faɗin shekarun dabba. Mijina kuwa gaskiya ta zame mishi kamar ciwo. Ka kawo mishi mota kana kuka, ya leƙa ya ce waya ce ta kwance, tafi abinka. Irin wannan mutum ne zai tsaya ciniki da attajirin Yamai, ƙafar ɗiyata tana jira? Na ce a raina, ba da ni a gidan ba.

Akwai wani ɗan faranti na tagulla a gaban motar, kusa da sitiyari, bai kai tafin hannuna ba. Komai na motar mijina ya goge ya yi fes, shi kaɗai ya bari ya yi baƙi-baƙi. An rubuta lambobi masu tudu a jikinsa. Boko bai zauna mini ba, amma lamba ina gane ta, kuma na gane ta ƙasan shekara ce, shekarar da ta girmi duk wanda na sani ban da kakata. Na dube shi na ce, ashe ga haƙoran motar nan a fili.

Da safen ranar mijina ya sa sabuwar riga ya ce, "Za ni tasha in taro baƙin. Kak ki bari kowa shi taɓa ta."

Na ce to. (Ni a ganina ai ba kowa ba ce.)

Yana fita na goya Balki, na ɗauko wuƙar yankan kuɓewa, na durƙusa cikin motar. Ƙananan notina biyu ne ke riƙe da farantin. Sun yi gardama, ni ma na yi, har na karya bakin wuƙa, amma sai da sunka fita. Ban gama share gumi ba na ji sallamar maza a zaure. Ashe a hanya sunka haɗu. Notinan na ƙulle a bakin kallabina, farantin kuwa na rasa inda za ni kai shi, sai na kai hannu baya na cusa shi cikin goyo, tsakanin zane da Balki. Na ruga ɗaki na saki labule.

Ta gefen labulen nake leƙe. Alhajin dattijo ne, farin gemu, tabarau a kan hanci, direbansa yana bayansa. Ya yi ta zagaya motar hannuwansa a baya, bai taɓa ta ba. Can ya sunkuya ya shinshina kujera (wallahi da idona na gani), ya lumshe ido kamar mai jin ƙamshin miya. Ya ce, "Malam, ta daɗe hannunku?"

Sai mijina ya buɗe baki. "Ta girme ni, Alhaji. Ta girmi yayyena duka. Kujerun ga na asali ne, ga tsaga nan ban ɓoye ba. Sitiyarin ma, dubi inda hannun babana yac cinye shi."

Na ciji yatsa. Na yi tari. Bai ji ba, ya ci gaba, yana nuna inda tsatsa ta taɓa ci. Na sake tari har Balki ta firgita. Da na ji yana shirin ba da labarin kaji, sai na ga in ban sa baki ba mun tashi a banza.

Na ce ta bayan labule, "Alhaji, sannu da hanya. Kak ka biye mishi, wasa gare shi. Motar ga yarinya ce, ko ba ta daɗe da shigowa ƙasar ga ba."

Mijina ya juyo ya ce, "Ke! Shiga ciki."

Na ce, "Ai ciki nike."

Direban ya kau da kai yana danne baki. Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Madalla, ɗiyata. Bari mu tambaye ta da kanta." Ya gyara tabarau, ya zura kai wajen sitiyari. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago murmushin nan babu shi.

"Malam, ina farantin?"

Mijina ya leƙa. 'Yan ramuka biyu ne kawai ke kallonsa. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba, ko ran da likita ya yi mana bayani. Ya ce, "Wallahi da sahen ga yana nan. Da hannuna na share ƙura kusa da shi."

Alhaji ya yi magana a hankali, ba faɗa. Ya ce irin wannan motar kaɗan anka ƙera, kowace da lambarta a wannan ɗan farantin, shi ne shaidar haihuwarta. In babu shi, kowane mai bugun ƙarfe yana iya lanƙwasa gwangwani ya shafa jan fenti ya ce ita ce, kuma an taɓa yi mishi haka. "Ban ce ka yi ƙarya ba, Malam. Amma don ɗan ƙarhen nan na taso daga Yamai. Tsuhwarta nike saye, ba fenti ba."

Tsufarta yake saye. Na maimaita maganar a raina.

Mijina ya ɗaga kujeru, ya leƙa ƙarƙashi, sannan ya durƙusa da sabuwar rigarsa yana tankaɗe yashi da yatsu. Mutumin da bai taɓa cin kwabon kowa ba, ga shi a ƙasa gaban baƙo kamar wanda anka kama. Alhaji ya duba agogo ya ce wa direba su kama hanya tun rana ba ta yi ba.

Zan iya yin shiru. Ba wanda ya gan ni, in sun tafi in jefa farantin cikin yashi a ce faɗuwa ya yi. Ina cikin wannan tunani Balki ta harbe ni a kwiɓi, da ƙafar nan tata ta hagu. Ban san lokacin da na zura hijabi na fito ba.

Na durƙusa nesa kaɗan na ce, "Alhaji, dakata. Yana nan."

"Ina?"

Na juya gefe na fara kwance goyo. A nan na gane ɗumin da nake ji a bayana tun ɗazu ba gumi ba ne. Na sauko da Balki kan cinyata, na girgiza zane, babu faranti. Na girgiza majanyi, babu. Maza uku suna tsaye a kaina. Ashe ya zame ya shige cikin wandonta. Na juya ta, na zare wandon, ga shi nan ya manne a ɗuwawunta, jiƙe sharkaf. Da na ɓamɓare shi sai ga lambar motar ta fito raɗau a fatar yarinya, a juye, har da shekarar.

Daga kan katanga na ji an ce, "La ilaha illallahu! Yau ga ɗiya mai lamba!" Maƙwabciyata Hajo ce, ta taka turmi tana kallo tun farko.

Direba ya tsuguna yana riƙe ciki. Alhaji ya cire tabarau yana share hawaye. Mijina kaɗai bai yi dariya ba, ya ce, "Don mi? Ke, don mi?"

Na ce, muryata kamar ta sauro, "Haƙoranta ne. Na ga sun nuna shekaru."

Sai da na yi bayanin akuya da kasuwar Isa, kalma bayan kalma, ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Don in rage kunya na miƙe na ce bari in wanke shi da toka da tsamiya ya yi haske. Su biyu sunka daka mini tsawa lokaci guda, "A'a!" Alhaji ya karɓe shi a cikin hankicinsa, da fitsarin da komai, kamar an miƙa mishi ƙwai. Ya ce, "Notinan hwa? Su ma na asali ne." Dole na kwance bakin kallabi da haƙora a gabansu.

Mijina ya mayar da farantin, ya zauna daram cikin ramukansa. Alhaji ya duba lambar, ya duba wata a jikin injin, ya ce da Faransancinsu, "Dakwar. Daidai, ita ce." Sannan idonsa ya sauka kan ƙafar Balki. Na ja zane na rufe ta, don ba bara munka fito ba.

Wata macen da nan za ta koma ɗaki ta rufe fuska har sati. Ni kuwa na riga na zubar da kunyar duka a tsakar gida, babu sauran abin da za ni tara. Da na ji sun fara maganar farashi, na ji mijina yana shirin cewa ya sallama tun a tayin farko, sai na gyara zama na ce, "Alhaji, tunda tsuhwa kake saye, ai ba ka ji komi ba. Motar ga ta girmi innata. Kaji sun yi ƙwai cikinta, jikokinsu ma sun yi. Duba tsagar kujerar can da kyau, irinta ba ta samuwa yanzu."

Ya ce, "Ba ke kika ce yarinya ce ba?"

Na ce, "Sannan ban san ka ba."

Ya ƙara, na ce albarka. Ya sake ƙarawa, na tuna mishi amalanken shanu. Mijina yana ta yi mini ido, ni ko na kafa idona kan gemun Alhaji kamar yadda babana yake yi. Da anka sallama, dattijon ya ce wa mijina in ya ƙara samun wata motar, don Allah ya tura ni unguwa tukun.

Munka tare Sakkwato, anka yi aikin ƙafa. Yau Balki in ta zura da gudu sai na haɗa da Hajo muke kama ta, kuma duk unguwa ba mai kiranta da sunanta, sai Mai Lamba. In ta yi wayo ta tambayi dalili ban san abin da za ni ce ba.

Abin da na koya shi ne, kafin ka ɓoye aibin kaya ka fara jin abin da mai saye ya zo nema, kuma bayan jaririya ba ma'ajiya ba ne. Rannan ina taje kai Baban Balki ya hango furfura guda ya kawo hannu zai cire. Na buge hannun na ce kar ya kuskura, ta asali ce.