Ranar da Na Hana Kwamfuta Shara

Har in koma ga Allah ba zan manta da wata Laraba ba, can ƙarshen shekarun tamanin. Lokacin ina aiki a ɗakin kwamfuta na wata masaƙa a Bompai, injin ɗaya tal, girmansa ya kai firij biyu.

Tsarinsa kamar na gidan haya ne. Duk manhajar da za ta yi aiki, uwar manhajar injin ce ke yanka mata ɗaki a ƙwaƙwalwa ta ba ta makulli, ba mai leƙa ɗakin wani. In ta gama, sai a karɓe makullin, a share ɗakin tas kafin a ba wata. Sharar nan ita ke cin lokaci, ga manajanmu Alhaji Sabo kullum cikin mita, wai jadawalin canjin aiki ba ya fitowa da wuri.

Ni kuwa, sarkin wayo, sai na cire sharar. Malam Habu, wanda ya koya min aikin, ya ce kada in kuskura. Na ce tsufa ne ke damunsa (a zuci dai na faɗa). Injin kuwa ya kama gudu, har na je da ƙafata na gayyato Alhaji ya ga gwaninta.

Abin da na manta, da safiyar nan a kan injin na rubuta wasiƙar neman aiki a wata masana'anta a Challawa.

Na sa injin ya buga jadawalin, firinta ta fara ƙara. Sunayen ma'aikata suka fito lafiya lau, sai ga ragowar wasiƙata biye da su, tunda ba a share ɗakin ba. Alhaji ya yago takardar, ya gyara tabarau, ya karanta a fili: "Inda nake yanzu, manajanmu bai san bambancin kwamfuta da rediyo ba."

Malam Habu ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Lallai kwamfutar ta yi sauri," in ji Alhaji, a hankali. "Kai ma ka yi sauri ka kwashe kayanka."

Challawa ba su ɗauke ni ba, lokacin masaƙu sun fara sallamar mutane. Shekara biyu na yi a gida, ga matata da goyo, kuma har yau abin yana ci min rai. A zaman nan na gane, aikin da kake gani ɓata lokaci ne, wataƙila shi ke rufa maka asiri.